Juma'ar da za ta yi zafi, tun daga Laraba ake shirya mata

Daren Lahadi ina bakin aiki. Wajen ƙarfe uku, da ɗakin marasa lafiya ya ɗan lafa, na samu na zauna da kofin shayi, na buɗe waya na duba hasashen yanayin makon nan a garinmu Manchester. Ga abin da na tarar. Daga Litinin zuwa Laraba ruwa ne jefi-jefi, ya zubo ya ɗauke, rana ta leƙo, ya sake zubowa, wataƙila har da tsawa da yammacin Laraba, zafin rana kuma ba zai wuce digiri 17 ko 18 ba. Daga Alhamis gari zai washe, ruwa ya ɗauke gaba ɗaya. Juma'a ana sa ran 23, Asabar 26, Lahadi 27 ko 28, kuma da dare ma gari ba zai yi sanyin kirki ba.

Na tura wa mutanenmu na unguwa wannan bayani a WhatsApp, na ce don Allah masu tsofaffi da jarirai a gida su fara shiri. Kafin in tashi aiki da safe amsoshi sun taru. Wani bawan Allah ya ce, "Nas, 28 ɗin ne zafi? Mu da muka taso a Sakkwato?" Wata ta ce ita dai Allah Ya kawo ranar, ta gaji da shanya a kan hita. Wani dattijo kuma ya rubuto cewa gobe ta Allah ce, a bar Turawa da shaci-faɗinsu.

Ban ji haushin kowa ba, domin ni ma na taɓa yin irin wannan dariyar. Abin da ta jawo mini shi ya sa nake wannan rubutu.

Shekarar da na haifi ɗana na biyu, mahaifiyata ta zo daga Kano don ta zauna da ni jego. A watan Yuni ne, kuma makon ya yi kama da wannan sak: kwana uku ana ruwa, sannan gari ya buɗe. Gidanmu na lokacin hawa na uku ne, tagogin falo suna kallon yamma, kuma irin tagogin nan ne da ba sa buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu saboda yara. Tun da Umma ta sauka take kukan sanyi. Ta sa rigar sanyi a kan atamfa, ta sa safa, ta hana a buɗe taga don kada iska ta kama mai jego da jariri. A kwanakin ruwan har hita muka kunna don kayan jaririn su bushe.

Ranar Juma'a na ce mata, "Umma, an ce gobe da jibi za a yi zafi, zai kai 27." Ta dube ni ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, zaman Turai ya lalata ki. Wannan ai a Kano sanyin asuba ne." Ni ma na yi dariya, muka bar maganar.

Asabar ta wuni a kicin, ɗan tsukukun wuri mai taga ɗaya, tana dama kunu tana tuƙa tuwo saboda masu zuwa barka. Rigar sanyin na jikinta. Tana da hawan jini, kuma cikin magungunanta akwai wanda ke sa yawan fitsari. Ruwa kuwa ta rage sha ban sani ba, wai ba ta jin ƙishi, kuma ba ta son kowane lokaci ta riƙa sabunta alwala. Lahadi bayan la'asar, rana ta juyo ta daki falon, sai na ji Umma ta kira ni da sunan ƙanwarta, tana tambaya ko an ɗaure awaki. Na ɗauka wasa take. Da na duba idonta na ga ba wasa ba ne. Wata 'yar uwa da ke wajen ta ce a kawo ruwa a yi mata tofi, ƙila iska ce. Na ce a yi tofin, amma a kira mota. Na taɓa hannunta, jijiya na bugawa da sauri, harshe ya bushe ƙamas, na gwada jininta na ga ya faɗi.

A asibiti likitan ya yi mini tambayar da ni kaina nake yi wa dangin marasa lafiya kusan kullum: "Yaushe rabonta da fitsari?" Ban sani ba. Ni nas, mai digiri a aikin jinya, uwata tana gidana, ban sani ba. Gwajin jini ya nuna ƙodarta ta fara galabaita saboda ƙarancin ruwa. Kwana biyu ta yi ana mata ƙarin ruwa kafin hankalinta ya dawo daidai. Alhamdu lillahi ta warke, yanzu haka tana Kano tana ba da labarin tana dariya. Ni dai har yau ban iya dariyar ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Don haka ra'ayina a taƙaice shi ne: hasashen kwana biyar ɗin nan da muke wucewa a waya ba mu kalla ba, ko mu kalla don mu san ko za mu ɗauki lema, takardar aiki ce. A wurin aikinmu, idan za ka karɓi ɗaki, wanda zai tashi yakan zaunar da kai ya gaya maka wane ne jikinsa ya yi tsanani, wane ne za a sa wa ido cikin dare. Nas ɗin da ta ƙi sauraron wannan bayani don tana ganin ta ƙware, ita ce za ta kwana tana gudu. Haka hasashen nan yake ga duk mai tsoho, ko jariri, ko mai ciwo a gida. Kuma mako irin wannan, da ruwa ke gaba zafi na biye, shi ya fi yaudara, domin kana cikin rigar sanyi ake gaya maka ka shirya wa zafi.

Bari in ɗauki maganganun nan uku da aka yi mini ɗaya bayan ɗaya, saboda kowacce akwai gaskiya a cikinta.

Ta farko, cewa mu 'yan zafi ne. Haka ne, a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram suna haura digiri 40, kuma a ciki muka yi wasa, muka je makaranta, muka yi azumi. Amma mu tambayi kanmu, me ya riƙe mu a cikin wannan zafi? Gida ne da al'ada. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, zaure mai iska, tsakar gida, inuwar darbejiya, randa a gindin bishiya da moɗa a kai, wanka sau biyu ko uku, kwana a waje a kan tabarma. Da azahar kasuwa kan yi sanyi, kowa ya nemi inuwa. Baƙo idan ya shigo, kafin gaisuwa ta yi nisa an miƙo masa ruwa. Zafin bazara kuma kafin damina ta kusa busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, jiki na samun sauƙi.

To wanne daga cikin waɗannan muka zo da shi a akwati? Gidajen Ingila an gina su ne don su riƙe ɗumi: bulo, gilashi ruɓi biyu, kafet, auduga a cikin rufi da bango. Yawancinsu ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, wato kusan awa 17 tana dukan gini, daren da zai huce kuma gajere ne. Idan an ce 27, wannan awon iska ne a inuwa a fili. Ɗakin da ke saman bene yana kallon yamma, an rufe taga ana girki, ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma zafin yakan kwana a ciki ya haɗu da na gobe.

Sannan shi jiki ba ya ajiye sabo kamar yadda ake ajiye fasfo. Jikin mutum yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, ya koyi yin gumi da wuri da kuma tattalin gishirinsa, idan kuma ya bar zafin na 'yan makonni sabon yakan zube. Wanda ya shekara goma a Salford, jikinsa na Salford ne, ko da an haife shi a tsakiyar Argungu. Shi ya sa zafin farko na shekara, wanda ke zuwa bayan kwanakin ruwa da sanyi, yake kayar da mutane ko da bai kai wani abin a-zo-a-gani ba. Tsufa kuma yana rage jin ƙishi, a Kano ne ko a Manchester.

Mutane suna tuna ranar 19 ga Yuli, 2022, da aka auna digiri 40.3 a Coningsby, karon farko da Birtaniya ta haura 40, kuma karon farko da hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Office, ta fitar da jan gargaɗi saboda zafi. Hukumar kare lafiya ta UKHSA ta ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 3 ne suka rasu a Ingila sanadiyyar zafi a wannan bazarar, mafi yawansu 'yan shekara 65 zuwa sama. Amma ba a rana biyu suka rasu ba. Lissafin ya haɗa lokuta biyar na zafi a tsawon bazarar, kuma ba duka ne suka kai kusa da 40 ba. A ma'aunin Met Office, kwana uku a jere da zafi ya kai 28 a Landan, ko 25 a Scotland, ya isa a kira shi tsananin zafi. Mu da muke aiki a asibiti ba ma buƙatar a gaya mana. Mukan gan shi a ƙofar ɗakin gaggawa: tsohon da jiri ya kwashe ya faɗi ya karya ƙugu, tsohuwar da ta ruɗe, mai ciwon zuciyar da numfashi ya gagara, mai sikila da ciwo ya tashi saboda ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wannan na ƙarshe kuwa mun san gidajenmu nawa ya shafa.

Magana ta biyu, cewa hasashen ƙarya ne, an ce za a yi ruwa ba a yi ba. A nan akwai rashin fahimta, kuma laifin ba namu kaɗai ba ne, su ma masu bayanin ba sa fayyacewa. Ruwa iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai wanda ke zuwa daga tekun Atlantika a shimfiɗe, ya rufe sama ya wuni yana zuba a kan kowa. Akwai kuma na jefi-jefi irin na makon nan: rana ta ɗumama ƙasa, iska mai laima ta tashi sama ta dunƙule ta zama gajimare, ya zubar da abin da ya ɗauko cikin minti goma ko ashirin ya wuce. Irin wannan gajimaren bai fi faɗin unguwa biyu ko uku ba. Shi ya sa za ka ga Longsight ta jiƙe sharkaf, Cheetham Hill ko ɗigo. Manomin gida ya san wannan sarai, ruwa ya sauka a gonar maƙwabci ya tsallake taka. Idan waya ta nuna kashi 40 cikin ɗari, ma'anarsa a irin wannan yanayi, sau huɗu cikin goma ruwa zai taɓa inda kake a wannan lokacin. Idan bai taɓa ka ba, ba a yi maka ƙarya ba, ka faɗa cikin shidan ne.

Amma ɗaukewar ruwa da hauhawar zafi wani abu ne daban, kuma ya fi sauƙin hangowa. Abin da ke kawo shi wata babbar iska ce mai nauyi da ke saukowa daga sama ta danne yanki mai faɗin ƙasashe, ta hana gajimare tashi. Sama ta washe, ƙasa ta bushe, ƙarfin ranar da da zai tafi wajen busar da laima sai ya koma ɗumama ƙasa da gine-gine, kowace rana ta ɗora a kan ta jiya. Idan iska ta juyo daga kudu ko daga nahiyar Turai, abin ya ƙaru. Irin wannan babban tsari na'urori suna ganinsa tun kwana huɗu ko biyar kafin ya iso. Za a iya kuskuren digiri ɗaya ko biyu, amma da wuya a ce za a yi zafi a wayi gari da ƙanƙara. Wato dai ɓangaren hasashen da muke yi wa dariya saboda lema, shi ne mai wuyar dacewa, ɓangaren da ya shafi lafiyar tsofaffinmu kuwa shi ne abin dogaro. Abin da ya wuce mako ɗaya kam, ni ma da gishiri nake ɗaukarsa.

Magana ta uku ita ce ta dattijon nan, kuma da ladabi nake amsa ta. Baba, gaskiya ne gobe ta Allah ce, kuma babu mai saukar da ɗigo ɗaya sai Shi. Amma kakana a ƙauye, idan ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya ji iska ta canza, yakan ce a kwashe shanya a kora dabbobi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa boka. Alama ya gani ya yi aiki da ita. Masu hasashen nan ma alama suke karantawa, sai dai idonsu ya fi nasa nisa, suna da tauraron ɗan adam da na'urorin awo a tudu da teku. A nan ma hadarin daga yamma ya fi zuwa, shi ya sa idon da muka zo da shi daga gida bai cika karanta wannan sama daidai ba. Ita kanta Met Office an kafa ta ne a 1854, kuma gargaɗin guguwa da ta fara bayarwa a 1861 don ceton rayukan matuƙan jiragen ruwa ne, bayan wata guguwa a 1859 ta hallaka ɗaruruwan mutane a gaɓar teku. Ka ce in sha Allahu, sannan ka cika tulu. Biyun ba sa faɗa da juna.

To me za a yi da kwana ukun nan na ruwa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da magani. Duk mai tsoho a gida ya zauna yau ya duba ledar magungunansa. Masu sa fitsari irin su furosemide, magungunan hawan jini irin su ramipril, metformin na ciwon suga, da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa don ciwon gwiwa, duk suna iya wahalar da ƙoda ko su jawo matsala idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Ban ce kowa ya daina shan maganinsa ba, kada a ce Nas ta ce. Cewa na yi a shiga kemis a tambayi mai ba da magani, kyauta ne, ba sai an nemi ganin likita ba: idan zafi ya zo, ko aka yi amai da gudawa, yaya za a yi da waɗannan? Wanda kuma likita ya ƙayyade wa ruwan da zai sha saboda ciwon zuciya ko ƙoda, shi ma ya tambaya, kada a ɗura masa ruwa da sunan taimako. A duba inda ake ajiye magani, da yawa an rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 25, don haka bakin taga da cikin mota ba wurinsu ba ne, balle insulin.

Masu asma, yammacin Laraba naku ne. Yanzu tsakiyar lokacin furen ciyawa ne, wanda ke kamawa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli. Ruwa mai sauƙi yakan wanke ƙurar furen daga iska, amma hadari mai tsawa yakan tattaro ta ya farfasa ta ƙanana, iska ta watso ta ƙasa, ta shige can cikin huhu. An ga haka a Landan a 1994, an kuma gani a Melbourne ta Ostireliya a watan Nuwamba na 2016, inda mutum 10 suka rasu, dubbai suka cika asibitoci. Idan ka ga gari ya yi duhu iska ta taso, shiga ciki ka rufe taga har ya wuce. A duba abin shaƙa na yara tun yau, kada sai dare ya yi a ga babu komai a ciki. Bayan ruwan kuma, ranakun farko na rana da bushewa su ne ƙurar furen ke tashi da ƙarfi, mai atishawa da ƙaiƙayin ido ya tanadi maganinsa.

Daga Alhamis sai a juya tsarin gida. Da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu iska ta ratsa. Da rana a ja labule a ɓangaren da rana ke duka. A yi girki mai nauyi da safe, kada a kunna murhu huɗu da la'asar. A nemo fanka tun yanzu, domin ranar Asabar za ku tarar an kwashe su a kanti. A ajiye wa Hajiya da Alhaji gorar ruwa a inda suke zama, a riƙa duba ko tana raguwa, kada a jira su ce suna jin ƙishi. Idan ruwa zalla ya ishe su, ga kunun zaƙi, ga zoɓo mara suga da yawa, ga fura mai ruwa-ruwa, ga kankana. A lallaɓa a cire rigar sanyin nan. Kuma a daure a yi tambayar da ni na kasa yi, ko da akwai kunya: an yi fitsari yau? Wane launi? Idan ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa ya yi ƙasa. Mai ramuwar azumi ko na nafila, in yana da ciwo ko shekaru, ya dubi tsawon ranar nan ya yi shawara da likita da malami, kwanaki masu sauƙi suna nan tafe.

Jarirai kuma, don Allah mata 'yan uwana, kada a lulluɓe keken jariri da zane ko mayafi wai don a kare shi daga rana. Iska ba ta shiga, cikin ya zama tanda. Jaririn da bai kai wata shida ba a raba shi da rana kai tsaye, kuma in nono kaɗai yake sha ba ya buƙatar ruwa, a dai ƙara ba shi nonon. Hula da safa da bargo biyu da muke naɗe yaro da su saboda tsoron sanyi, a rage su a makon nan. Kada a bar yaro a mota ko na minti biyar ne.

Idan duk da haka wani ya fara jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gumi sosai ko ɗaurewar jijiya, a kai shi wuri mai sanyi, a rage masa kaya, a ba shi ruwa, a shafa masa ruwa a jiki a yi masa fifita. Ya kamata ya dawo daidai cikin minti 30. Idan bai dawo ba, ko ya ruɗe, ko ya suma, ko jikinsa ya yi zafi rau babu gumi, a kira 999 nan take. In ana shakka a kira 111. A yi addu'a a hanya.

Kada wani ya ɗauka ina so mu kulle kanmu a ɗaka muna jin tsoron rana. 'Yar uwar nan da ta ce ta gaji da shanya a kan hita ta fi kowa gaskiya. Kwanakin bushewa ni'ima ne a ƙasar da laima ke cin bango. A fitar da katifa da barguna da kafet ɗin salla su sha rana, a buɗe ɗakunan da suka fara wari, a duba bayan kabad ko baƙin fumfuna ya fito, in ya fito a ɗauki hoto a kai ƙara wurin mai gida a rubuce. Ba mu manta da yaron nan ɗan shekara biyu da fumfunar gida ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020 ba, nan kusa da mu. Sannan mu masu baƙar fata, musamman mu da muke rufe jiki, muna fama da ƙarancin sinadarin bitamin D a ƙasar nan, har hukumar lafiya ta ba mu shawarar shan ƙwayarsa duk shekara. A fita da safe ko da yamma, a kai tsofaffi lambu su taka ƙafa su ga mutane. Tsakanin ƙarfe 11 da 3 ne dai ake neman inuwa.

Akwai mutum biyu da nake tunawa duk lokacin da na ga irin wannan hasashe. Na farko ɗan uwanmu mai aikin sito, ko rabon kaya, ko tuƙin tasi, ko kula da tsofaffi gida-gida. Dokar ƙasar nan ba ta yanke iyakar zafin da za a daina aiki ba, ta dai ce mai aiki ya samar da yanayi mai dacewa da ruwan sha. Da yawa daga cikinmu takardar zamansu a hannun mai aikin take, ba sa son su buɗe baki. Ka tafi da gorarka, ka sha kafin ƙishi, ka nemi hutunka, haƙƙinka ne. Na biyu samarinmu. Rana ta fito, abokai sun ce a je dam ko kogi. Iska ta ɗumama amma ruwan yana nan da sanyinsa na hunturu, kuma faɗawa cikinsa farat ɗaya yana ɗauke numfashi ko da mutum gwanin iyo ne. Kusan duk bazara sai an yi irin wannan rashi a ƙasar nan. Iyaye, a yi maganar ranar Alhamis, kada a bari sai Asabar suna ɗaure takalmi.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin masallatanmu da majami'unmu da ƙungiyoyinmu ne. Tun 2023 UKHSA da Met Office suke fitar da gargaɗin zafi mai launi, rawaya, ruwan goro da ja, daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Rawayan, wanda muke rainawa, an yi shi ne musamman saboda tsofaffi da marasa lafiya. Amma da Turanci yake fita, a shafukan da Hajiyar da ta zo jego ba za ta taɓa gani ba. Mene ne wahalar a ce bayan sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, a ƙara jimla biyu da Hausa: ga yadda makon nan zai kasance, a kula da wane da wane? Ranar Juma'ar nan masallaci zai cika da tsakar rana, wasu masallatan namu kuma tsofaffin shaguna ne da ɗakunan ajiya marasa tagogi. A tanadi ruwa a ƙofa, a zaunar da dattawa kusa da iska. Kuma kowane gida ya ɗauki tsoho ɗaya da ke zaune shi kaɗai, na mu ne ko Baturiyar maƙwabciya, a ƙwanƙwasa masa ƙofa Asabar da Lahadi. A gida ba sai an tsara wannan ba, domin ba wanda ke wuni ba a gan shi ba. A nan sai mutum ya kwana uku a bayan ƙofa ba wanda ya sani.

Jiya na kira Umma na gaya mata zan rubuta labarinta. Ta ce in rubuta, amma in faɗa wa mutane ba zafin Ingila ne ya kayar da ita ba, taurin kai ne. Na ce, "Umma, naki ko nawa?" Ta ce, "Wanda ya yi karatun ai shi ya fi laifi." Ban yi musu ba.

Yanzu da nake rufe wannan rubutu ruwa ya sake saukowa, ina jin sa a jikin taga, kuma na san da wuya mutum ya yarda cewa nan da kwana huɗu zai nemi fanka. Ku duba hasashen unguwarku da kanku, domin na Landan daban, na Glasgow daban, kuma ku sake dubawa ranar Alhamis ko an samu canji. Idan zafin bai kai yadda aka ce ba, asararku gorar ruwa ce da kuɗin fanka. Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana yaranmu, Ya ja kwanan iyayenmu.